Ƙishirwar Gidan Kucera

Nas ɗin ta naɗe kan famfon banɗaki da salatif, ta murɗa ta ga ba ya motsi, sannan ta fito tana kakkaɓe hannu. Sunanta Jolene, babbar mace mai furfura da kakkaurar murya, kuma da gani ta daɗe tana wannan aikin.

"Ba wai ban yarda da kai ba ne, saurayi," ta ce wa Tobin, wanda ke zaune a bakin gado yana kaɗa ƙafa. "Amma a ɗakin nan na taɓa kama wata dattijuwa, matar fasto ce ma, tana tsotsar jiƙaƙƙen tawul."

"Ni ɗan kokawa ne," in ji Tobin. "Mun saba."

"Haka duk kuke cewa. To saurara. Daga yanzu ba ci ba sha. Lokaci-lokaci za ka hau sikeli, ka ba ni fitsari a kofi, in ɗebi jini. Ƙoda mai lafiya in ta ga ruwa ya yanke, sai ta riƙe na jiki, fitsarin ya ragu, ya yi kauri, ya yi duhu. Wadda ta samu matsala kuwa ba ruwanta, za ta ci gaba da zubar da shi tsararo har mutum ya bushe. Abin da muke so mu gani ke nan."

Mahaifin yaron, Russ Kucera, yana tsaye a jikin taga rungume da gorar ruwansa. Shuɗiyar gora ce ta roba mai cin kusan galan guda, kuma a garinmu ko yaro ya san ta, don in ka gan ta a kan tebur to Russ bai yi nisa ba. Ya ɗaga ta ke nan zai kai baki, matarsa Marlys ta watso masa harara.

"Russ, kai gorar nan mota."

"Me ta yi?"

"Yaro zai wuni babu ruwa, kai kana kwankwaɗa a gabansa? In shi bai sha ba, babu mai sha a cikinmu."

Bai yi musu ba. Kwanakin nan duk abin da Marlys ta ce ba ya musu, har ita kanta abin ya fara ba ta mamaki. Ya sauka ya ajiye gorar a a-kori-kurarsa, ya tsaya cikin sanyi yana kallon benen asibitin, yana jin kamar ya tayar da motar ya yi ta tafiya kawai. Ya san abin da ya kawo su nan, shi da Tobin kaɗai suka sani, kuma ba ciwo ba ne.

Mu nan kokawa ba wasan yara ba ce. Da an gama girbin masara, hankalin kowa ya koma zauren wasannin makarantar sakandare. Russ ya yi zamaninsa, hotonsa na nan a bango, kunnuwansa da suka murɗe kamar busasshen tumatir su ne shaida. Yanzu da rana yana tuƙa motar kai abincin dabbobi gonaki, da yamma ya rataya usur ya zama mataimakin koci. Ba mai kiransa da sunansa sai Marlys, kowa Koci yake cewa, kuma yana son hakan fiye da yadda zai yarda ya faɗa.

Kafin a fara kakar wasa ana auna nauyin kowane yaro, a yanke masa rukunin da ba zai sauka ƙasa da shi ba. Yara kuwa sun iya wayo: su ƙi shan ruwa, su yi ta tofar da yawu a kofi, su yi gudu cikin rigar leda, duk don sikeli ya rage musu. Shi ya sa aka kafa doka cewa sai an duba fitsari kafin a hau sikeli. In ya yi kauri an san ka busar da kanka, ka koma gida. Wanda aka kama da maguɗi kuma, shi da kokawa sai baɗi, babban da ya taimaka masa a karɓe usur ɗinsa.

Tobin yana son sauka rukunin ƙasa, ko kuma in za a faɗi gaskiya, Russ ne yake so, don a can ne ya hango musu kofin gasa. Yaron ya busar da kansa har leɓɓansa suka tsattsage. Ranar awo da safe fitsarinsa ya fito kamar shayin da aka manta a wuta. Na Russ kuwa kullum fari tas yake kamar ruwan famfo, har alfahari yake yi da shi, wai alamar lafiya ce. A bayan makaranta, cikin mota, Russ ya tsiyaya nasa a wata 'yar kwalbar sabulun gashi da ya ɗauraye, ya miƙa wa ɗansa da ɗuminta ba tare da ya dube shi ba. Tobin ya cusa ta a ƙugun wando.

Ta fuskar kauri kam an wuce. Sai dai matar da ke awon ta tsoma ɗan tsinken takardar nan mai launuka, launi biyu suka sauya: akwai jini, akwai furotin. Ba ta kira Russ ba, Marlys ta kira, ta ce yaro ba zai taka katifar kokawa ba sai likita ya sa hannu. Marlys kuwa tana da wa, Arlen, wanda ciwon ƙoda ya kashe bai kai arba'in ba. A ranar ta ja Tobin zuwa asibiti. Kafin su isa ya ɗura wa cikinsa ruwa kamar raƙumi, don haka fitsarin da ya ba likita ya sake fitowa tsararo, ko da yake babu jini. Likitar ta ce irin ciwon Arlen yana bin jini, kuma alamarsa ta farko ita ce ƙoda ta kasa kaurara fitsari, gara a gwada.

Daga nan magana ta fi ƙarfin Russ. Matan coci suka dinga sallama da tiren taliya da nama da cuku, har firij ya ƙi rufuwa. Ranar Lahadi fasto ya ambaci sunan Tobin a addu'a, mutumin da ke bayan Russ ya dafa masa kafaɗa. Yaran ƙungiya suka rubuta sunan Tobin a jikin takalmansu. Russ ya ci taliyar nan, ya ce amin, ya yi godiya. Jinin da aka gani kuwa, tuni ya gama da shi a ransa: kwalbar ce bai ɗauraye da kyau ba.

Da ya koma ɗakin ya tarar an riga an ɗebi jinin farko, Tobin ya lanƙwasa hannu a kan auduga. Marlys ta ja kujera kusa da gado tana saƙa wata hula da ta fara tun makon jiya, tana kwancewa tana sakewa. Talabijin na bango yana ta nuna tallar lemo mai ƙanƙara, ta tashi ta kashe.

Safiya ta tafi a hankali. Tobin ya hau sikeli, ya shiga banɗaki da kofi, Jolene tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon silin, ya fito ya miƙa mata. Kofin farko ya kusa cika. Na biyu rabi. Yaron ya kwanta ya ɗora hannu a goshi, shiru abinsa, don wanda ya saba kwana da bushewar maƙogwaro saboda sikeli, wannan ai hutu ne.

Wanda bai samu hutu ba Russ ne. Rabonsa da ya yi awa guda babu ruwa har ya manta. Tun kafin hantsi ya yi nisa harshensa ya fara mannewa a dasashi, amma duk da haka mararsa ba ta daina cika ba. Ya fita zuwa banɗakin baranda, ya dawo, ya zauna, ya sake tashi. Kowane zuwa sai ya ga abin ya fito da yawa, fari fat, kamar yanzu ya sauke gorar. Ya riƙa danna ruwan masai da sauri don kada ya tsaya kallo.

"Koci," in ji Jolene da suka yi kaciɓus a ƙofa karo na ban san nawa ba, "ashe kai ya kamata in ba kofin. Ɗanka yana matso mini da ƙyar, kai kana ta zirga-zirga kamar mai kai saƙo."

"Gahawa na sha da safe," ya ce, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Wace gahawa?" in ji Marlys, idonta a kan saƙa. "Kai da ka ce tana tayar maka da ƙwannafi. Haka yake, 'yar'uwa, ko barci ba ya bari in yi. Na ce masa mu mayar da gadon banɗaki kowa ya huta."

Matan biyu suka yi dariya. Tobin bai yi ba. Ya ɗauke hannu daga goshi ya dubi ubansa, Russ ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Bayan azahar kansa ya fara sarawa. Tsohon ciwon gwiwarsa ya motsa, ya laluba aljihu ya taɓa robar ƙwayoyin kashe ciwo da ya shekara da shekaru yana watsawa bibbiyu, uku-uku, kafin atisaye da bayansa, amma babu abin da zai kora su da shi. Da ya miƙe sai ya ga bangon ya ɗan karkace. Ya ce zai je ya duba mota.

Bai je mota ba. A ƙarshen barandar akwai famfon sha na ƙarfe, irin wanda ake dannawa ruwa ya yi tsalle. Ya waiga hagu, ya waiga dama, ƙato da shi mai shekara hamsin da ɗoriya, kamar yaron da zai saci nama a tukunya. Ya danna, ya kafa baki. Ruwan yana da sanyi har haƙoransa suka amsa, ya yi ta sha yana nishi, yana zuba a gemunsa da gaban rigarsa, bai iya tsayawa ba.

Da ya ɗago, Marlys na tsaye a bayansa.

Ya jira faɗa. Da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi. Sai kawai ta dubi jiƙaƙƙiyar rigarsa, ta ciro hankici daga jaka ta miƙa masa.

"Goge kafin ka shiga. Kada ya gani."

"Marlys, ni dai..."

"Bar shi. Ni ma ba don ina da ƙarfin hali na daure ba, ruwan ne kawai ba ya wucewa." Ta jingina da bango. "Ka san da me Arlen ya fara? Da wannan. Kullum yana bakin famfo, muna yi masa tsiya muna ce masa kwaɗo. Mama har dukansa ta yi a kan fitsarin kwance, yana saurayi."

"Tobin ba Arlen ba ne."

"Jinina ne a jikinsa, Russ. Naku gidan ƙarfe ne ku, kakanka sai da ya haura casa'in yana hawa tarakta. Daga wajena abin ya fito. Ni na ba shi." Muryarta ba ta rawa, ta riga ta faɗa wa kanta wannan maganar sau da yawa har ta daina zafi a baki. "Na tambayi likita ko za a iya cire tawa a sa masa. Ta ce ba a kai nan ba tukuna, kuma wataƙila tawa ma ba za ta yi ba, tun da gidanmu ne. Ka ji fa. Ko abin da zan ba ɗana ba ni da shi."

Russ ya tsaya da hankicin a hannu. Maganar tana bakinsa, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Amma bayanta akwai kakar wasan Tobin, akwai usur, akwai tirarrukan matan coci da sai an wanke an mayar gida-gida, kowace mai tire ta buɗe ƙofa ta dube shi. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa, kuma kunyar ce dai ta hana shi magana.

"Komai zai yi daidai," abin da ya iya cewa ke nan.

"Allah ya sa." Ta gyara jakarta. "Bari in sauka in kira Mama, tun safe take jira. Ka zauna da shi."

Tobin yana zaune a kan gado ya naɗe ƙafafu. Leɓɓansa sun yi fari, idanunsa sun ɗan faɗa, akwai auduga manne a hannayensa biyu. A kan teburin Jolene kofin ƙarshe yana jiran a zo a ɗauka, ɗan kaɗan ne a gindinsa, ja-ja kamar zuma.

"Ka sha ruwa," in ji yaron.

"Ɗan kurɓi ne."

"Har a kunnenka akwai."

Russ ya goge kunnen, ya ja kujerar Marlys ya zauna, ya rage murya. "Saura kaɗan, ɗana. Ka ga naka ya yi kauri yadda ake so. Yanzu za ta zo ta ce lafiyarka ƙalau, ta sa hannu, shi ke nan an wuce wurin. Ranar Asabar kana kan katifa. Na san na ja maka wahala, allura da yunwa da..."

"Baba, ni allura ba ta dame ni ba."

"To mene ne?"

"Jinin."

"Na faɗa maka kwalbar ce. Sabulu ne ya rage a ciki."

"Sabulu ba ya zama jini. Na tambayi malamar kimiyya, na ce mata aikin gida ne." Ya haɗiye yawun da babu. "Tun safe nake lura da kai. Ba ka sha komai ba, amma ka fi ni fita sau nawa? Abin da nas ta ce ƙoda mai matsala tana yi, shi taka take yi. A gabanmu aka faɗa, Baba, kana tsaye."

"Kai likita ne yanzu?"

"A'a."

"To ka bar wa masu abin abinsu. Ka san me zai faru in maganar nan ta fita? Shekararka ta tafi. Masu zuwa daga jami'o'i neman 'yan wasa ba za su jira ka ba. Ni kuma a kore ni kamar kare, garin nan kowa ya..." Ya katse, don ya ji da kunnensa inda maganar ta nufa.

"Ni na karɓi kwalbar," in ji Tobin. "Ba ɗure ka yi mini ba. In an dakatar da ni, na cancanci hakan."

"Ba za ka ce komai ba. Ka ji ni?"

"Ba zan ce ba. Na yi maka alkawari tun a mota." Ya koma ya kwanta ya juya fuska bango. "Kullum da dare ina jin Mama tana kuka a kicin. Kai ma kana ji, ai kana wucewa ta wurin in za ka banɗaki."

Russ ya zauna yana kallon bayan wuyan yaron, inda aski ya bar wani ɗan tabo da ya samu tun yana koyon keke.

La'asar ta yi sanyi sannan likitar ta shigo, Dakta Okerlund, 'yar siririya mai tabarau a kan goshi, Jolene na biye da ita tana turo ɗan teburinta mai taya. Marlys ta miƙe, hular da take saƙawa ta faɗi ƙasa ba ta kula ba.

"Ku zauna, labari mai daɗi ne," in ji likitar. "Ƙodojin yaron nan sun yi duk abin da ake so ƙoda ta yi. Da ruwa ya yanke sun riƙe, fitsarin ya yi kauri sosai, jininsa kuma daidai yake. Babu alamar ciwon ɗan'uwanki, Misis Kucera. Ko kaɗan."

Marlys ta koma kan kujera. Ta rufe fuska da tafukanta, kafaɗunta suna girgiza, tana cewa, "Na gode Allah, na gode Allah," a hankali.

"To na makarantar fa?" ta tambaya da ta samu numfashi. "Jinin da suka gani?"

Likitar ta ɗaga kafaɗa. "Ba zan iya ce miki ga dalili ba. Wani lokaci tsinken awon ya daɗe a ajiye, wani lokaci a taron yara kofuna sukan cakuɗe. In dai cakuɗewa aka yi, ina fata mai shi ya samu wanda zai duba shi, don wannan fitsarin ba na mai lafiya ba ne. Amma ba na ɗanki ba ne, wannan kam na tabbata. Zan sa hannu ya koma wasansa."

Shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Likita da bakinta ta ba su hanyar fita, babu wanda ya tambayi Russ komai, babu ma mai kallonsa. Ya ji wani sanyi ya sauko masa a ƙirji, kuma ya ji kunyar jin sanyin. Ya ɗauki rigar sanyinsa daga bayan kujera.

Jolene ta tsiyaya ruwa mai ƙanƙara a babban kofi ta miƙa wa Tobin. "Ungo, jarumi. A hankali dai, kada ka dawo mini da shi a kan takalmi."

Tobin ya karɓa da hannu biyu. Ƙanƙarar tana ƙara a jikin kofin, raɓa tana gangarowa kan yatsunsa. Ya dube shi, maƙogwaronsa ya motsa, sannan ya ajiye shi a kan teburin gefen gado.

"Sha mana," in ji Marlys, tana share ido. "An gama."

"Ba na jin ƙishirwa."

"Kai, ji yaro. Leɓɓanka har sun fashe."

"Ba na ji, Mama."

"Saurayi, ba a wasa da wannan," in ji Jolene. "Gwaji ya ƙare, jikinka yana buƙata. Ba zan sallame ka ba sai na ga ƙasan kofin nan."

"To sai mu zauna."

Ya harɗe hannuwa a ƙirji. Ba ya kallon uwarsa, ba ya kallon nas, ubansa yake kallo, kuma Russ ya san wannan kallon, don shi ya koya masa. Shi ne kullum yake tsaye a bakin katifa yana faɗa musu cewa in ka samu riƙo kada ka yi gaggawa, kada ka yi surutu, ka zauna a kai kawai har wancan ya gaji. Ya san kuma iya inda yaron zai iya kaiwa babu ruwa, shi ya auna hakan da kansa.

"Tobin, me ke damunka?" Murnar fuskar Marlys ta fara komawa tsoro. "Dakta, ko wani abin ne kuma? Arlen ma daga baya ya riƙa ƙin..."

"Ba wani abu ba ne," in ji Russ.

Ya mayar da rigar sanyin kan kujera. A saman teburin Jolene akwai jerin kofunan fitsari sababbi cikin leda, masu jan murfi. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya.

"Dakta, ba a cakuɗa kofuna ba. Na makarantar nan nawa ne. Ni na zuba a kwalba na ba shi, don ya wuce awo. Yaron ba shi da laifi, ni na sa shi."

Dakta Okerlund ta sauko da tabaraunta daga goshi zuwa ido, ta dube shi, ba kallon mai laifi ba, kallon da ta yi wa Tobin da safe. Ta dubi idon sawunsa da ya kumbura a saman takalmi.

"Tun yaushe kake yawan shan ruwa, Mista Kucera?"

"An daɗe."

"Kana shan maganin ciwon jiki?"

Ya ciro robar daga aljihu ya ajiye a kan tebur. Ta juya ta ta karanta, ta ce irinsu in an daɗe ana sha suna cin ƙoda.

"Takardar makaranta fa," in ji ta can, "abin da na gani zan rubuta, yaro lafiyarsa ƙalau. Sauran bayanin tsakaninku da su ne."

"Zan je da kaina," in ji Russ. "Gobe."

Sai a lokacin ya iya juyawa wajen Marlys. Tana zaune yadda take, hannuwanta a cinya. Ya ga tana tafiya baya a ranta, tana bi ta kan kwanakin nan ɗaya bayan ɗaya, kicin, coci, bakin famfon ɗazu. Fuskarta ta yi ja, sannan ta yi fari. Ya jira ta tashi ta fita, kuma da ta fita ba zai ga laifinta ba.

Ta tashi, amma wajensa ta nufo. Ta zare kofin daga hannunsa, ta yage ledar, ta ciri alƙalami daga aljihun rigar Jolene ba tare da ta nemi izini ba. Ta rubuta sunansa a jikin kofin da manyan baƙaƙe, tana dannawa har robar tana lotsawa, ta ƙara da ranar haihuwarsa. Sannan ta tura masa a ƙirji.

"Ka tafi," ta ce. "Maganata da kai sai mun je gida, kuma doguwa ce. Tirarrukan mutane kai za ka mayar."

"To."

"Na cikin nan an ɗaure famfon," in ji Jolene a hankali. "Sai dai na baranda, Koci. Ka san hanya."

Ya fita. Barandar cike take da masu jiran sallama da masu turo keken marasa lafiya, ga shi ƙato da murɗaɗɗun kunnuwa, riƙe da ɗan kofi mai jan murfi da sunansa ɓaro-ɓaro a jiki. Ya yi niyyar cusa shi a aljihu, sai ya fasa. Bai kai ga rufe ƙofar ba ya ji ƙarar ƙanƙara a bayansa, da sautin maƙogwaron Tobin yana haɗiya babu tsayawa, da muryar Marlys tana cewa, "A hankali mana, a hankali."